Gado Ba a Jini Yake Ba: Daga Waken Mendel Zuwa Haruffan DNA

Idan yaro ya ɗauko tafiyar ubansa ko hancin kakarsa, mukan ce abin a jini yake. Maganar ta zauna a baki har ba a tsayawa a duba ta, amma ɗalibin ilimin halittu ya kamata ya duba. Jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne mafi yawa a jinin mutum, ba su da cibiya, wato ɗan ƙullin da ke tsakiyar ƙwaya, idan sun gama girma, don haka ba sa ɗauke da DNA, sinadarin da ke riƙe da bayanan gado. Farare suna da shi, shi ya sa ake iya gwajin DNA da jini, sai dai ba su ake miƙa wa ɗa ba. Wanda aka yi wa ƙarin jini ba ya haifar 'ya'ya masu kama da wanda ya ba shi. Jinin uwa da na ɗan da ke cikinta ma ba sa haɗuwa kai tsaye, mabiyiya ce a tsakaninsu.

Masana da yawa na ƙarni na 19 su ma a kan wannan fahimtar suke. A ganinsu siffofin uwa da uba suna gauraya ne kamar an zuba farin fenti a cikin ja, kuma abin da ya gauraya ba ya sake rabuwa. Da haka ne, da bambancin da ke tsakanin mutane ya daɗe da shafewa, kowa ya koma tsaka-tsaki. Da kuma ba za a ga siffar da ta tsallake uba ta ɓulla a jika ba, abin da kowa ya sha gani.

Wanda ya warware wannan ƙulli malamin zuhudu ne na Kirista mai suna Gregor Mendel, a garin Brno da ke Jamhuriyar Czech ta yau. Daga 1856 zuwa 1863 ya shuka wani nau'in wake da ake kira fis, tsiro kusan 28,000, yana bin siffofi bakwai. Furen wannan wake yana yi wa kansa barbara, don haka Mendel yakan buɗe furen tun yana toho ya cire sashen namiji, sannan ya ɗauko garin fure daga tsiron da ya zaɓa ya shafa da ɗan buroshi. Ya haɗa mai fure shunayya da mai farin fure. 'Ya'yan farko duka suka fito shunayya, ba ko ɗaya da launinsa ya dusashe. Sai ya bar su suka yi barbarar kansu, ya ƙirga jikokin: 705 shunayya, 224 farare. Farin da ya ɓace ya dawo fari tas. A siffar ƙwayar waken ma haka: mulmulallu 5,474, yamutsattsu 1,850. Raba ka gani, kusan uku ne da ɗaya a duka biyun.

Ƙirgar ce ta bambanta shi da waɗanda suka gabace shi. Wasu sun ga siffa tana ɓacewa tana dawowa, amma ba su zauna sun lissafa ba. Daga wannan uku da ɗaya Mendel ya gano cewa kowane tsiro yana riƙe da abu biyu game da kowace siffa, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, ba sa narkewa cikin juna, kuma idan tsiron ya tashi haihuwa ɗaya kawai yake bayarwa. Mu kira na mulmulalle R, na yamutsattse r. Tsiro mai Rr yana ba da R a rabin ƙwayoyin haihuwarsa, r a ɗaya rabin. Idan biyu irinsa suka haɗu, hanyoyi huɗu ne: RR, Rr, rR, rr. Ukun farko mulmulallu ne a ido, na ƙarshe kaɗai yake yamutsewa. R shi ne mai rinjaye, r mai lafewa. Haɗin haruffan da tsiro yake riƙe da shi shi ne jinotaif, abin da ido ke gani kuma finotaif, kuma RR da Rr sun nuna cewa finotaif ɗaya yana iya rufe jinotaif biyu.

Ya gabatar da aikin a 1865, aka buga a 1866, kusan ba wanda ya kula. Ya rasu a 1884. Sai a 1900 masu binciken tsirrai uku, Hugo de Vries da Carl Correns da Erich von Tschermak, suka dawo da shi fili.

A nan sai na tsaya kan kalmomi, domin a Hausa muna cewa ƙwayar halitta ga abubuwa uku daban, kuma wannan yana rikita mai koyo. A wannan rubutu, sel shi ne ɗan ƙaramin ɗakin da aka gina jiki da shi. Ƙwayar gado ita ce abin nan da Mendel ya gano ba tare da ya gan shi ba. Alil kuma shi ne kowane ɗaya daga nau'o'in ƙwayar gado guda, kamar R da r.

To ina waɗannan ƙwayoyin gado suke zaune? A cibiyar sel akwai wasu zaruruwa da ake kira kuromosom. Mutum yana da 46, an jera su biyu-biyu sau 23, a kowane biyu ɗaya na uwa ɗaya na uba. An daɗe ana koyar da cewa 48 ne, sai a 1956 Joe Hin Tjio da Albert Levan suka ƙirga daidai. Lokacin da jiki ke yin maniyyi ko ƙwai, ana wata rabuwa ta musamman mai suna meyosis, wadda ke raba kowane biyu ta ba da ɗaya, sai ƙwayar haihuwa ta fita da 23. Dokar Mendel ke nan tana faruwa a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Tunda kowane biyu yana rabuwa ba ruwansa da sauran, mutum ɗaya zai iya fitar da haɗi iri 8,388,608, wato 2 sau kanta har 23, kuma wannan kafin a sa musayar guntaye da kuromosom na uwa da na uba suke yi kafin su rabu. Shi ya sa 'yan ciki ɗaya suke kama amma ba su zama ɗaya ba. Biyun ƙarshe su ne na jinsi: mace XX, namiji XY. Ƙwai kullum X yake ɗauke da shi, don haka maniyyin da ya riga isa, mai X ko mai Y, shi ke sa a samu mace ko namiji. Uwa ba ta da hannu a wannan zaɓi, uban ma ba da saninsa ba ne.

Kuromosom haɗin abu biyu ne, furotin da DNA, kuma shekaru da dama masana sun fi karkata ga furotin. Suna da hujja: furotin yana da tubala iri 20, DNA huɗu kacal, ana ganin ya yi sauƙi da yawa da zai ɗauki umarnin gina mutum. Shi DNA ɗin tun 1869 Friedrich Miescher ya ciro shi a Tübingen ta Jamus, daga fararen ƙwayoyin jini da ke cikin mugunyar bandejin marasa lafiya, amma bai san aikinsa ba. A 1944 Oswald Avery da abokan aikinsa biyu a New York suka nuna cewa abin da ke mayar da bakteriyar ciwon huhu marar illa ta zama mai kisa DNA ne. A 1952 Alfred Hershey da Martha Chase suka sa wa bairas mai kama bakteriya alama iri biyu, ɗaya a furotin ɗaya a DNA, suka ga DNA ne ke shiga cikin bakteriyar, rigar furotin tana tsayawa a waje.

Siffar DNA ita ce wurin da ya cancanci ɗalibi ya daɗe, domin wanda ya gane ta ya rage wa kansa rabin hadda. Ka ɗauki tsani ka murɗa shi kamar tufkar igiya. Sandunansa biyu na gefe sukari ne da fosfet suna bin juna, ba sa canzawa. Matakan tsanin su ne ke ɗauke da saƙo, kowane mataki haɗin sinadarai biyu daga cikin huɗu: adenin, tayimin, guwanin da sitosin, wato A, T, G, C. A ba ta riƙe kowa sai T, G kuma sai C. Erwin Chargaff ya riga ya lura cewa a DNA na kowace halitta yawan A daidai yake da na T, na G daidai da na C, amma dalilin bai fito ba sai da James Watson da Francis Crick suka buga ƙirarsu a mujallar Nature ranar 25 ga Afrilu, 1953. Sun dogara ƙwarai da hotunan X-ray da ma'aunan da suka fito daga ɗakin binciken Rosalind Franklin a Landan, kuma an nuna wa Watson wani shahararren hoton X-ray na DNA mai lamba 51 ba da saninta ba. Ta rasu a 1958 tana da shekara 37, shekara huɗu kafin a ba Watson da Crick da Maurice Wilkins kyautar Nobel, wadda ba a ba mamaci.

Gwada da hannunka. Idan silin farko, wato gefe ɗaya na tsanin, ya ce ATGGTGCAT, na biyu ba shi da zaɓi sai TACCACGTA. Ma'ana kowane sili yana ɗauke da cikakken bayanin ɗan'uwansa. Idan sel zai rabu biyu, sai a zuge tsanin ta tsakiya, kowane rabi ya zama abin kwaikwayo, wani enzayim, wato furotin mai gudanar da wani aiki a cikin sel, ya bi shi yana ɗora harafin da ya dace. A ƙarshe tsani biyu ne, kowanne rabinsa tsoho rabinsa sabo, kamar yadda Matthew Meselson da Franklin Stahl suka tabbatar a 1958. Enzayim ɗin yana duba aikinsa yana gyarawa, wasu kuma suna bin bayansa, har kuskuren da ke tsira bai wuce ɗaya cikin haruffa biliyan ba. Rubutun kuwa ba kaɗan ba ne. Kuromosom 23 na mutum suna da matakai kusan biliyan uku, kuma DNA na sel ɗaya idan aka miƙe shi ya kai mita biyu, an naɗe shi a jikin furotin kamar zare a kwarkwaro, an cusa a cibiyar da faɗinta bai fi kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ba.

DNA da kansa ba ya narkar da abinci, ba ya ɗaukar iskar oksijin, ba ya ba fata launi. Furotin ne ke waɗannan ayyuka, ƙwayar gado kuwa yankin DNA ce da ke faɗin yadda za a jera tubalan furotin, wato amino asid. Tafiyar zango biyu ce. Da farko ana kwafe yankin a kan RNA, sili ɗaya mai ɗan gajeren rai wanda yake sa U a gurbin T. Shi ne ɗan aike da ke fita daga cibiya ya je wurin ribosom, inda ake karanta shi haruffa uku-uku. Kowane uku shi ne kodon. Me ya sa uku? Lissafi ne: haruffa huɗu idan aka ɗauke su biyu-biyu kalmomi 16 za su ba da, ba su isa amino asid 20 ba. Uku-uku kuwa 64 ne. Daga ciki 61 suna kiran amino asid, uku suna cewa a tsaya, AUG kuma ita ce alamar farawa. Marshall Nirenberg da Heinrich Matthaei ne suka karanta kalmar farko a 1961: sun ba ribosom RNA da ba komai a cikinsa sai U, suka samu sarƙar fenilalanin zalla. Wannan ƙamus kusan ɗaya ne a bakteriya da bishiya da mutum, shi ya sa ake iya dasa wa bakteriya ƙwayar gadon insulin na mutum ta riƙa yin sa.

Tunda karatun uku-uku ne, ba kowane tuntuɓen alƙalami ne nauyinsa ɗaya ba. Ɗauki wannan jimla: YAU INA NAN DON KAI. Canja K zuwa M, ta zama YAU INA NAN DON MAI. Ma'ana ta kauce, amma sauran kalmomin suna nan. Yanzu cire A ta cikin YAU ka ci gaba da yanka uku-uku: YUI NAN AND ONK AI. Harafi ɗaya ya fita, duk abin da ya biyo baya ya zama shirme. Akwai kuma canjin da ba ya yin komai, saboda amino asid da yawa suna da kodon fiye da ɗaya: GAA da GAG duk abu guda suke kira.

Ciwon sikila shi ne misalin da ke haɗa duk waɗannan a wuri ɗaya. A kuromosom na 11 akwai ƙwayar gadon da ke yin ɗaya daga sarƙoƙin himogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar oksijin. Sarƙar tana da amino asid 146. A gurbi na shida, rubutun da aka saba shi ne GAG, a alil ɗin sikila kuma GTG. A ta koma T, shi ke nan. Sai balin ya zauna a wurin gulutamik asid. Gulutamik asid yana shiri da ruwa, balin yana gudunsa, don haka idan oksijin ya yi ƙasa sai ƙwayoyin himogulobin su manne da juna ta wannan gurbi su yi dogayen sanduna. Sandunan su lanƙwasa jar ƙwayar jini ta koma kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi, ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon kusan 120. Ciwon ƙashi da ƙarancin jini daga nan suke. Linus Pauling da abokan aikinsa sun nuna a 1949 cewa himogulobin ɗin ne ya bambanta, Vernon Ingram kuma ya gano amino asid ɗin da ya canza bayan 'yan shekaru.

Idan uwa da uba duka AS ne, lissafin Mendel ne ba ƙari ba ragi: AA ɗaya, AS biyu, SS ɗaya. Inda ɗalibai suke faɗuwa shi ne su ɗauka cewa cikin 'ya'ya huɗu dole ɗaya ne SS. Kashi ɗaya cikin huɗun nan na kowane ciki ne, daga farko ake sake shi, ƙwai bai san abin da ya faru da yayansa ba. Ana iya haifar huɗu duka lafiya, ana iya samun SS biyu a jere. Mendel ya ga uku da ɗaya ne saboda dubbai ya ƙirga.

Kalmar rinjaye ma tana yaudara, kamar alil biyu kokawa suke yi mai ƙarfi ya kayar da rago. Ba haka ba ne, kuma waken Mendel ɗin kansa ya nuna. A 1990 aka gano cewa R tana yin wani enzayim mai sarrafa sitaci a cikin ƙwayar wake, r kuma ita ce wannan ƙwayar gadon da wani guntun DNA mai haruffa kusan 800 ya faɗa tsakiyarta ya lalata ta. Wake mai rr ba ya iya gina sitacin yadda ya kamata, sukari ya taru, ya ja ruwa ya kumbura, idan ya bushe sai fatar ta yamutse. Mai Rr yana da kwafi ɗaya mai aiki, kuma ɗayan ya wadatar. Mafi yawan abin da ake kira lafewa ke nan: kwafin da ba ya aiki, ɗan'uwansa yana rufa masa asiri. Rinjaye kuma ba yawa ba ne. Alil ɗin ciwon Huntington mai rinjaye ne amma kaɗan ne ke da shi, alil ɗin rukunin jini O mai lafewa ne amma rukunin O ya fi kowane yawa a duniya. A da B kuwa idan sun haɗu duka biyun suke bayyana, mutum ya zama AB. Shi ma mai AS idan aka duba lafiyarsa sai a ce S ta lafe, idan aka auna jininsa sai a tarar da himogulobin iri biyu. Wannan rabin ne ma yake ba shi kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, kamar yadda Anthony Allison ya nuna a 1954 a Gabashin Afirka, kuma shi ya sa alil ɗin ya yi yawa a inda cutar ta daɗe, a Afirka da Indiya da Gabas ta Tsakiya da gaɓar Bahar Rum.

A ganina babban haɗarin darasin Mendel shi ne daɗinsa. Lissafin nan na hanyoyi huɗu yana sa ɗalibi ya zaci kowace siffa tana da ƙwayar gadonta guda, alhali irin waɗannan su ne 'yan tsiraru. Tsawon mutum ba ya zuwa dogo ko gajere kamar tsiron Mendel. Wani bincike na 2022 a kan mutum fiye da miliyan biyar ya samu gurabe sama da 12,000 a DNA da ke da alaƙa da tsawo, kowanne da ɗan tasirinsa, ga kuma abincin da yaro ya samu yana tasowa. Launin fata da hawan jini da ciwon sukari na manya duk a wannan sahu suke.

Aikin karanta dukkan DNA na ɗan'adam, wanda aka fara a 1990 aka kammala a 2003, shi ma ya zo da abin da ba a zata ba. Ana hasashen ƙwayoyin gado za su kai 100,000, sai aka samu masu yin furotin kusan 20,000 ne, adadin da wata tsutsa mai tsawon milimita ɗaya da ake bincike da ita ma take da kusan irinsa. Kuma duka ba su kai kashi biyu cikin ɗari na rubutun ba. A cikin sauran akwai makunnai da ke faɗin wace ƙwayar gado za a karanta, a wane sel, yaushe, kuma sau nawa. Sel na hanta da na ƙwaƙwalwa littafi ɗaya suke riƙe da shi, shafukan da suke buɗewa ne daban.

Wani lokaci ma abin da ke yanke hukunci daga waje yake zuwa. Akwai wani farin zomo da ake kira na Himalaya, mai baƙin hanci da kunnuwa da ƙafafu da wutsiya. Duk sel na fatarsa alil ɗaya suke ɗauke da shi na enzayim mai yin baƙin launi, sai dai wannan enzayim ba ya jure ɗumin jiki, a wurare masu sanyi kaɗai yake aiki. Idan aka aske farin gashin bayansa aka ɗaura ƙanƙara a wurin har sabon gashi ya tsiro, baƙi yake fitowa.